Sawun Takalmin Wakili

Mata masu zuwa jiƙa rama a rafi su suka fara ganinsa, ranar Talata da hantsi. Bijimin majalisa ne kwance a cikin kwarin bayan ƙauyen Zamoshe, an sassare masa agara, an yanka shi, an bar wa hankaki. Ko tsoka ɗaya ba a ɗiba ba. Kafin ka ce me, ƙauyen duk ya tattaru a bakin kwarin, wasu ma giyar bikin cocin da aka yi jiya a ƙauyen maƙwabta ba ta gama sakinsu ba.

Nefed Zotov shi ya iso a ƙarshe, ya tarar an tattake wurin kamar an ci kasuwa. Shi ne mai bin sawu na yankin. Majalisar zemstvo, wadda masu manyan gonaki da 'yan birni da manoma ke zaɓa duk shekara uku, ita ta ɗauke shi yana bin kyarketai, kuma in doki ya ɓace ko an fasa rumbu, ƙofarsa ake bugawa.

Ya daka tsawa ya ce, "Ku ja baya, don Allah! Ku da shanun ban san wa ya fi wani hankali ba."

Yermolai mai injin niƙa, wanda a garkensa ake ajiye bijimin, ya ce, "Kada ka wahalar da idonka, Nefed. Wannan ko makaho ya karanta."

Gaskiyarsa. A cikin taɓo, tun daga ƙofar garken har kwarin, gefen sawun kofato, ga sawun dogon takalmin fata nan raɗau, dunduniyarsa da ƙusoshi biyar a jere kamar gicciye. A Zamoshe kowa lapti yake sawa, takalmin nan da ake saƙawa da ɓawon itace. Mutum biyu kaɗai ke da na fata: Yermolai, da Saveli Dronov, wakilin manoma a majalisa. Ƙusoshin gicciye kuwa yaro da babba ya san na Saveli ne.

Wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Wakili! Mai shan shayi da manya!"

Wani ya ce, "Ai na faɗa. Duk manomin da ya koyi karatu, tsiya ce za ta biyo baya."

Wani kuma ya ce, "Ran Lahadi da kunnena na ji ya ce wa Yermolai gara bijimin ya mutu da a kulle shi ana hana shanun talakawa."

Abin takaicin, ka duba fuskokin nan kaf ba za ka ga mai baƙin ciki ba. Bijimin nan daga nesa aka kawo shi don ya gyara musu iri, kuma Saveli ne ya miƙe gaban manyan masu ƙasa ya yi ta magana har aka ba ƙauyensu. Amma kowa fuskarsa kamar an yi masa albishir. Nefed ma haka. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙirji har tafin ƙafa, bai kuwa ji kunyar jinsa ba.

Kafin rana ta take, ɗan sanda Trufanov ya samo takalmin rataye a gidan su Saveli, da busasshen jini a ɗinkinsa, ya kuma kulle mai shi a ɗakin tsaro na ofishin dagaci. Ya kira Nefed ya ce, "Ka bi sawun, ka zo ka dangwala min cewa nasa ne. Ran Alhamis zan aika takarda birni."

Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ran Juma'a ne zaɓen wakilan manoma, kuma doka ta ce wanda ake bincike a kansa ba ya tsayawa. Kujerar za ta tafi, bayanta kuma kurkuku.

* * *

Nefed ya tarar da Saveli zaune kan ciyawa a ɗakin tsaro, ya haɗa kai da gwiwa.

Tare suka yi kiwon dawaki suna yara. Nefed ya fi shi gudu, ya fi shi ido, ya fi shi kokawa, babu abin da bai fi shi ba. Shi Saveli sai ya laɓe bayan mai kaɗa ƙararrawar coci ya koyi baƙaƙe. To yau ga inda baƙaƙe suka kai shi. In Nefed ya kai wutsiyoyin kyarketai ofishin majalisa a birni, a ƙofar baya yake tsayawa da hula a hannu. Ta taga yakan hango Saveli zaune a tebur mai koren mayafi, wani mai gona kadada dubu yana kiransa Saveli Antipich, da sunan ubansa, kamar wani babban mutum. Duk ranar da ya ga haka, abinci ba ya yi masa daɗi sai bayan kwana uku.

Ya cire hula ya rusuna ya ce, "Sannu da hutawa, Saveli Antipich, ranka ya daɗe. Ba su kawo shayin ba ne?"

"Nefed, ka bar wasa."

"Ina kake jiya da rana?"

"Ina daji wurin amyata, ina rufe su kafin sanyi. Ka san na daina zuwa biki. Da an bugu sai a fara wakili kaza, wakili kaza."

"Wa ya gan ka?"

"Ƙudan zuma."

"Sai a kira su shaida. Takalmin fa?"

Saveli ya ɗago kai ya dube shi ya ce, "Kai ne za ka tambaye ni wannan? Shekara uku ina rataya takalmin nan a wuya, in taka har birni da lapti, sai a ƙofar majalisa in zauna in sa. Wa ya ce takalmin ne ke hawana zuwa birni? Ba kai ba ne? Ƙauye duk ya ɗauka, har yara suna yi min waƙa. Ni zan shiga taɓo da shi?"

Tun kallon farko a bakin kwari Nefed ya san wannan, ya dai danne ne ya zauna a kai.

Ya ce, "Mutum in ya fusata ba ya tuna takalmi. Haka Trufanov zai ce."

Saveli ya kama hannun rigarsa ya ce, "Duk gundumar nan kai kaɗai ke iya fitar da ni."

Kai, wannan magana ta yi wa Nefed daɗi! Da Saveli ya tsaya nan da ya more. Amma sai ya ƙara da cewa, "In na fita, zan yi maka magana a majalisa a ba ka sabuwar bindiga. Suna jin maganata."

Nefed ya fizge hannunsa, ya sa hula ya fita ko sallama babu.

* * *

Da Yermolai ya fara, don shi ne zai ci ribar abin. In Saveli bai tsaya ba, mai injin niƙa ne zai hau kujerar, abin da ya nema shekara uku da suka wuce ya sha ƙasa.

Ya same shi a bakin injin, ya ɗaure kai da jiƙaƙƙen tsumma.

Yermolai ya ce, "Ni? Tambayi limamin coci. Tambayi kowa. Tun da aka fito daga sujada nake teburin giya, da la'asar aka tsamo ni daga lambatu aka ɗora a keken doki kamar buhu. Sai da safen nan na ga garke a buɗe." Ya miƙo ƙafarsa. "Kuma dubi wannan. Za ta shiga takalmin wancan ɗan tsakon?"

Ƙafar kamar faranti take. Ba za ta shiga ba ko an shafa mata man shanu.

Yermolai ya rage murya ya ce, "Akwai wani ɗan tireda da ya wuce da garke ran Asabar. Ya tsaya ya yi ta kallon bijimin."

"Ɗan tireda ya yanka sa ya bar nama da fata? Wanda ya yi wannan ba yunwa yake ji ba." Nefed ya leƙa garken, ya tsuguna a bakin ƙofa. "Ba a ja shi da igiya ba. Da ƙafarsa ya bi mutumin, a hankali, har yana tsayawa cin ciyawa. Wa ya saba da shi?"

"Ni. Da Saveli. Da yayansa Gordei, mai kawo masa ɓawon burodi da gishiri. Da duk wanda ya taɓa kawo saniya, rabin gari ke nan." Yermolai ya kanne ido ɗaya. "Kai ma ka kawo taka a bazara. Af, kai ina kake jiya? Ban gan ka a biki ba."

"Ina daji."

"Da wa?"

"Ni kaɗai."

Yermolai ya fashe da dariya har ya dafe kai. "To ka gani! Ni kujerar nake so, ban ɓoye ba. Amma wa ba ya iya haɗiye sunan mutumin nan sai da ruwa? Wa ya san yadda ake shimfiɗa sawu don a karanta? In ni ne Trufanov, da mutum biyu sun kwana a ɗakin tsaro."

Nefed ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ashe abin da yake tsammani a cikinsa yake ɓoye, a goshinsa yake rubuce.

* * *

Gidan Dronov gida ɗaya ne ba a raba ba, wa da ƙane da matansu ƙarƙashin rufi ɗaya. Lukerya, matar Saveli, ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Ta ce, "Duk muna biki, ni da yara da matar Yaya. Sanda kawai muka jingina a ƙofa kamar kullum. Kowa na iya shiga, Nefed, kowa! Takalmin ga ƙusarsa can kusa da murhu."

Gordei, wan Saveli, yana zaune a benci yana gyaran linzami. Ƙato ne mai furfura a gemu, yana ɗingishi tun da ya dawo daga yaƙin Turkawa. Ya ce shi jiya yana can gonar nesa yana huɗa, don wani dole ya yi aiki a gidan nan. Ya kori Lukerya waje, ya zuba wa Nefed ruwan tsamin burodi a kofi, ya zauna kusa da shi.

Ya ce, "Na sha gaya masa, harkar manya ba ta ɗan manomi ba ce. Bai ji ba. Ni na tafi soja, na kwana cikin ƙanƙara a kan duwatsu, shi yana nan yana haddace baƙaƙe. Yanzu ya tafi zama birni mako biyu, mako uku, wa ke yanka ciyawarsa? Amma in baƙo ya zo gidan nan, sai ya ce, wakili yana ciki? Ni kuwa a ce min, kai, riƙe min doki. A gidan ubana! 'Ya'yana ma a gari 'ya'yan gidan wakili ake ce musu."

Nefed ya gyaɗa kai. Maganar ta shige shi kamar shi ya tsara ta.

Gordei ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ni da kai jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ƙanena ne, ba na so ya wulaƙanta. Amma ka dangwala musu kawai a wuce wurin. 'Yan watanni zai yi ya dawo ya kama garma kamar kowa. Alheri ne gare shi."

Nefed bai zargi komai ba. Me zai zarga? Tun safe duk wanda ya buɗe baki a Zamoshe irin wannan yake faɗa, har da muryar da ke cikin ƙirjinsa.

* * *

Laraba da safe ya koma kwarin shi kaɗai, da niyyar ya duba sau ɗaya ya je ya dangwala. Amma sabo ba ya barin mutum. Tambaya ɗaya ta maƙale masa: sawun tafiya ga shi nan kowa ya gani, to ina na dawowa? Takalmin dai bai tashi sama ya koma kan ƙusarsa ba.

Sai ya yi yadda yake yi wa kyarkeci. Ya bar wurin da aka tattake, ya ja da baya sosai, ya fara zagaye kwarin daga nesa, idonsa a ƙasa. A zagaye na biyu ya tsinci dunduniyar gicciye a ɗaya gefen, ta gangara cikin ciyawa ta nufi rafi. Wato mutumin bai koma ta hanyar gari ba, ya so ya tsallake ruwa ya ɓullo ta bayan lambuna.

A bakin rafin, gaban wani faffaɗan dutse, sawun ya tsaya. Dunduniya biyu gefe da gefe, sun nutse, irin na wanda ya zauna. Daga nan babu takalmi kuma.

Nefed ya tsaya yana kallo, sai dariya ta kama shi. Haba, ɗan manomi! Ka sato takalmi, ka taka taɓo da gangan don a gani, ka yi ɓarnar da za ta kai mutum kurkuku, amma da ka zo ruwa sai ka zauna ka cire! Ba wanda aka haifa cikin lapti da zai iya tsoma takalmin fata cikin rafi. Hannu ne ke cirewa kafin kai ya yi tunani.

Ya tuɓe nasa ya tsallaka. Ɗaya gaɓar duk tsakuwa ce, amma ƙarƙashin saiwar wata bishiya akwai ɗan laka mai santsi, inda mai fitowa daga ruwa zai dafa ƙafa ya hau. Nan ya gan shi. Tafin ƙafar dama, tsirara, ya fito tsaf kamar an buga hatimi. Yatsu uku ne. Biyun ƙarshe babu su.

Dariyar ta mutu a bakinsa. Ya san ƙafar nan. Duk Asabar yana ganinta a ɗakin wankan tururi.

Ya daɗe a tsugune. Hadari yana haɗuwa ta yamma, kafin dare ruwa zai wanke lakar ko bai taɓa ta ba. Babu kowa a wurin sai shi da tsuntsaye. Ya tuna ƙofar baya, da hula a hannu, da koren mayafi, da sabuwar bindigar da za a yi masa magana a ba shi. Ya miƙe, ya ɗaga ƙafarsa daidai kan sawun. Taku ɗaya, ran Juma'a Saveli Antipich ya koma Saveli kawai.

Kada ka ce son Saveli ne ya hana shi, ko tsoron Allah. A lokacin ko ɗaya bai zo masa ba. Abin da ya zo masa shi ne, shekara ashirin yana bin sawu bai taɓa yi wa sawu ƙarya ba, kuma duk duniya wannan kaɗai yake da shi wanda Saveli ba shi da shi. In ya taka, me ya rage masa?

Ya sauke ƙafar a gefe yana zagin kansa, yana zagin Saveli, yana zagin wanda ya koya wa manoma karatu. Ya zaro wuƙa, ya yanko lakar da faɗi a hankali, ya ɗora ta kan ɓawon bishiya, ya rufe da rigarsa. Yana isa gida ruwa ya tsuge.

* * *

Ran Alhamis da hantsi, kafin a rufe takardar birni, Nefed ya sa Trufanov ya tara su a ofishin dagaci: Yermolai, da Gordei, da Lukerya, da Saveli da aka fito da shi da ciyawa a gashi. Sauran gari suka toshe ƙofa da tagogi. Nefed ya ja kujera ya zauna a tebur ba tare da an ce masa ya zauna ba, kuma ya ji daɗin hakan ƙwarai.

Trufanov ya ce, "To, sawun nasa ne ko ba nasa ba ne?"

"Takalmin nasa ne, ranka ya daɗe. Saura ƙafar da ke ciki."

Ya ba da labarin zagayen da ya yi, da dutsen bakin rafi, da dunduniya biyu gefe da gefe. Da ya zo inda mutumin ya zauna ya cire takalmi, sai dariya ta ɓarke a tagogi, don kowa ya san da shi ne haka zai yi. Sannan ya ɗaga rigar daga kan lakar, amma ya tare ta da hannu yadda Trufanov kaɗai ke gani.

Ya ce, "Yanzu kowa ya kwance ƙafar dama. Ni zan fara, tun da an ce ni ma ina daji ni kaɗai."

Ya warware tsumman ƙafarsa ya ɗora ta kan benci. Yatsu biyar. Yermolai ya cire nasa yana nishi yana mita, biyar. Saveli ya kwance, biyar.

Gordei bai motsa ba.

Trufanov ya ce, "Kai fa?"

"Ni tsohon soja ne. Ba na tuɓe ƙafa gaban mata."

Nefed ya ce, "Mata su juya baya." Ya janye hannunsa daga kan lakar, ya tura ta tsakiyar tebur. "Ko ka bar shi ma, Gordei. Duk namijin da ke nan ya yi wanka da kai. Ƙanƙarar duwatsun Turkawa yatsu nawa ta ci maka?"

Lukerya ta yi alamar gicciye, ta toshe baki da gyale.

Saveli ya ce, "Yaya?" Muryarsa kamar ta yaro. "Yaya, ka ce ba kai ba ne."

Gordei ya dubi lakar, ya dubi ƙanensa, sai ya miƙe, bencin ya kife a bayansa.

"Ni ne! Ni ne, sai me? Ni na ba shi gishiri ya biyo ni kamar kare. Bijimin wakili, makarantar wakili, gadar wakili! Wa ya yi huɗar da ta ciyar da wakili? Maraƙin da na yi kiwo da hannuna aka sayar aka ɗinka takalmin nan, ko sau ɗaya ka taɓa cewa, Yaya, gwada?" Ya share baki da bayan hannu. "Na gwada. Ya matse ni har sai da na ji hawaye. Amma daga gida zuwa kwarin nan, na rantse da gicciye, ban taɓa jin ni mutum ne kamar ranar ba."

Saveli ya faɗi gaban Trufanov yana roƙo a bar maganar a cikin gida, shi ya yafe. Trufanov ya ce bijimin ba na gidansu ba ne, ya yaga takardar farko ya ɗauko sabuwa.

Da za a wuce da Gordei, ya tsaya gaban Nefed ya ce, "Kai kuma, munafuki. Na ga fuskarka ran Talata a bakin kwari. Ka fi ni jin daɗi."

Nefed bai musa ba. Ya sunkuya yana naɗe tsumman ƙafarsa, kuma ya daɗe yana naɗewa.

* * *

Ran Juma'a masu zaɓe arba'in da shida suka taru daga ƙauyukan yankin, Nefed yana cikinsu a madadin unguwarsu. An ajiye akwati mai ɗaki biyu a ciki, an lulluɓe bakinsa da baƙin ƙyalle. In an kira sunan ɗan takara, kowa a ba shi 'yar ƙwallon itace, ya zura hannu ƙarƙashin ƙyallen. Dama na so, hagu ba na so, kuma ba mai ganin inda hannu ya karkata.

Aka kira Saveli Antipich Dronov. Yana tsaye a gefe, ya rame cikin kwana uku, amma tuni wani mai gona daga cikin manya ya zo ya kama hannunsa yana jajanta masa, manoman da suka tafa a bakin kwari kuma suna ta cire masa hula. Mutumin ya shiga ɗakin tsaro ya fito ya ƙara girma. Nefed da ya yi aikin, ko wanda ya dube shi babu.

Layi ya zo kansa. Ya karɓi ƙwallon, ya zura hannu cikin duhun ƙyallen. Ya fitar da mutumin nan daga kurkuku, wannan bashin sawu ne, ya biya. Ƙwallon nan kuwa tasa ce. Ya karkata hagu, ya saki.

Aka zazzage aka ƙirga: talatin da bakwai dama, tara hagu. Saveli ya ci.

A waje ya kutso cikin mutane ya rungume Nefed, ya sumbace shi a kumatu sau uku, hawaye na zuba. Ya ce, "Ɗan'uwana ya tafi, kai ne ɗan'uwana yanzu." Ya ja shi gefe ya rage murya. "Tara suka ƙi ni. Takwas na san su, Yermolai ne da surukansa. Na taran ne na rasa, na juya na juya. Kai da ba abin da ke ɓace maka, wa kake gani?"

Nefed ya gyara zaman hularsa, ya dubi hanyar daji.

Ya ce, "Ni sawu nake bi, Saveli Antipich. Ƙwallo ba ta barin sawu."